Kilo Ukun da Sikelina Ya Ci

Yayana mai walda ne. Ƙofa, taga, gadon ƙarfe, baro, duk abin da aka kawo masa zai haɗa, kuma in ya haɗa sai dai ƙarfen ya karye a wani wuri, ba dai inda ya ɗinke ba. Gajere ne siriri, idanunsa kullum jajaye saboda ya raina gilashin walda, wai hana shi ganin aiki yake yi. Gaskiyarsa har haushi take ba mutane. In ya ce maka rodi goma ya shiga ƙofarka, je ka ƙirga. Aibinsa ɗaya ne: in ya kafe a kan magana, gara ka je ka lallashi bango.

Ni ne autansu, kuma tsofaffin ƙarafa nake saye. Rumfata na jikin shagonsa, langa-langa ce kawai ta raba mu. Shi ya kama min wurin, shi ya haɗa min sandar da nake rataye sikeli, kuma duk guntayen da suka rage masa a aiki ni yake kawo wa in auna in saya. Lokacin da abin nan ya faru, shekara goma sha ɗaya muna haka.

A samartakarsa Yaya ya yi damben zamani, na safar hannu da igiya. Ya kai har wasan ƙarshe na zaɓen 'yan wasan ƙasa, aka haɗa shi da wani kakkaura mai wuyan bijimi. Mutumin ya danne shi a jikin igiya, ya kwanta masa, ya yi ta dukan haƙarƙarinsa har alƙalin wasa ya tsayar. Daga ranar Yaya ya yanke hukunci cewa nama ne ke cin dambe. Na ga wasan nan da idona, kuma abin da na gani daban ne. Duk lokacin da Yaya ke zagayawa, mutumin ko inuwarsa bai taɓa ba. Sai da Yaya ya hau dokin zuciya ya tsaya su gwada ƙwanji, sannan ya shiga hannu. Na taɓa gaya masa haka sau ɗaya, ya yi mako guda bai amsa gaisuwata ba.

Babban ɗansa shi ya gaji damben. Sauro ake ce masa, don siriri ne, kuma kafin ka kai masa mari ya cije ka ya tashi. Yana da shekara ashirin da ɗaya aka kira shi zaɓen 'yan wasan ƙasa na matasa, a ajin kilo sittin, saura wata shida. Dokar a bayyane take: ranar awo in ka wuce sittin ko da nauyin cokali ne, ba za ka hau ba. Kuma wannan ce shekararsa ta ƙarshe, baɗi shekarunsa sun wuce. Ranar da takardar ta zo Yaya ya kashe injin walda da rana tsaka, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi yi ba.

To, ga inda na shigo. Sikelina irin na ratayewa ne, mai ƙugiya a ƙasa da allura a fuska. Tun daga wurin wanda ya sayar min an sa masa sifirin mai tauri, wato murɗaɗɗiyar wayar da ke jan allura, kuma saboda haka na saye shi. A kowane kilo ashirin yana cin ɗaya. Na daɗe da lallashin kaina cewa kowa a sana'ar nan haka yake yi, ƙarfe na zuwa da tsatsa da ƙasa, dole mutum ya kare kansa. Ban taɓa ware kayan Yaya ba. Ta yaya zan ware, sikelin ɗaya ne?

Washegarin takardar Yaya ya jawo Sauro rumfata. "Auta, auna min shi, in san abin da nake da shi a hannu."

Sauro ya cire takalmi, ya kama ƙugiya da hannu biyu, ya naɗe ƙafafu yana lilo yana dariya. Allura ta tsaya a hamsin da uku da 'yan kai.

"Baba, hamsin da shida nake a wurin Koci," in ji Sauro, yana nufin mai horar da shi.

"Hamsin da shida a bakin Koci. Ga sikelin Baffanka nan, da shi ake ciniki kullum. Gudun banzan da yake sa ka ne ya tsotse ka." Ya juyo gare ni. "Ko sikelin naka ya lalace ne?"

Na ce lafiyarsa lau. Wallahi a lokacin na ɗauka ƙaramar ƙarya ce, irin wadda yamma ke shafewa.

Koci tsohon ɗan dambe ne mai lotsattsen hanci, ba ya ɗaga murya. Da ya ji Sauro ya kwana uku bai zo horo ba, ya tako har shago. Ya tarar da Yaya yana haɗa abin ɗaga nauyi, ya jera ƙarafan birkin mota a ƙasa yana zura musu sanda.

"Malam, mene ne wannan?"

"Maganin ramar da ka sa masa. Kilo bakwai ne fanko tsakaninsa da sittin. Zan cike su da nama."

"Huɗu ne, ba bakwai ba. Kuma ko huɗun ban ce a cike su duka ba." Koci ya zauna a kan wata tsohuwar taya. "Ka saurare ni. Ƙarfi daban, girma daban. Ni ma ina sa shi ɗaga ƙarfe, sau biyu a mako, kaɗan, da sauri. Naushi daga ƙafa yake tasowa ya bi ta ƙugu, damtse ɗan aike ne kawai. Duk tsokar da ka ɗora masa sai ta nemi rabonta na iska, kuma huhunsa biyu ne kamar na kowa."

"Iska ai kyauta ce," in ji Yaya.

"A zagaye na uku tsada take yi."

"Kai ba a taɓa kwanta maka a igiya ba."

"An kwanta min. Zamewa na yi."

Nan fa Yaya ya sha mur. Ya ce ɗansa ne, shi ya haife shi, ba zai zuba ido a maimaita masa abin da aka yi wa ubansa ba. Koci ya miƙe ya kaɗe wando, ya dubi Sauro ya ce ƙofarsa a buɗe take. Ina jin su duka ta langa-langa, ina ta jera gwangwanayen da tun safe a jere suke.

Haka horo ya dawo bayan shagon walda. Ƙarafan Yaya ba su da lamba, ba wanda ya san nauyinsu, sai aka sa musu sunan motar da aka ciro su. Akwai Tasi, akwai Bas, akwai Tirela. Sauro ya fara da Tasi, cikin wata biyu ya kai Bas. Yaya ya hana shi gudun safe, wai yana ƙone nama. Ƙwai shida da safe, madara, wake, nama in an samu. Sauran yaran gida suna kallo suna haɗiyar yawu. Uwarsu ta ce da ni wata rana, "Ni dai ɗan dambe na haifa, ga shi ana min kiwon rago." Yaya kuwa ya rage wa kansa abincin rana don a ƙara wa yaro, ya ce wai zafi ne ke hana shi ci.

Ba zan yi wa Yaya ƙarya ba, tunda na riga na yi masa wadda ta isa. Da farko abin ya yi amfani. Wuyan Sauro ya cika, ƙafafunsa suka kafu, in ya daki buhun yashi har a rumfata ina jin tsawar. Yaya ya kan ture shi da kafaɗa da dukkan ƙarfinsa, yaro ko gezau. Mutanen layi suka fara tsayawa kallo, mai shayi ya ce ai yanzu sai a canza masa suna, wannan ya fi ƙarfin gidan sauro. Ban taɓa ganin Yaya cikin farin ciki irin na watannin nan ba. Yana walda yana waƙa, shi da muryarsa kamar ana jan kwano a siminti.

Wajen wata na huɗu ne na fara ganin ɗayan gefen. Tsallen igiyar da Sauro kan yi minti goma yana hira, yanzu minti huɗu ya buɗe baki. Hagunsa in ta fita sai ta yi jinkirin dawowa, kuma ta dawo ƙasa da haɓa. Wata rana ya zauna a kan buhun gwangwani a rumfata yana matsa damtsensa.

"Baffa, hannun nan kamar na aro. Ina ganin wurin da zan sa shi, kafin ya isa wurin ya rufe."

"Ka gaya wa Babanka?"

"Ya ce sabo ne, zai zo." Ya sake matsa damtsen. "Ka ga yadda yake murna kuwa? Ni ba zan iya ba."

Kowace Asabar ana rataya shi a ƙugiyata, Yaya na rubuta lamba da alli a jikin ƙofa. Hamsin da biyar. Hamsin da bakwai. Ni kuma ina ƙara uku a zuciyata. Na gwada dabaru irin na matsorata. Na ce a tsaya a hamsin da bakwai don a bar tazara, Yaya ya ce tazarar uban me, kowane giram haƙƙin yaro ne. Na je har kasuwa na taya sabon sikeli na gaskiya, na juya shi a hannu, na ajiye. Ranar da na rataya shi, duk masu turo min baro za su ga bambanci, kuma wanda zai fara gani shi ne mutumin da ke bayan langa-langa. Na ce bari in jira, wataƙila yaro ya tsaya da kansa. Bai tsaya ba, naman na karɓarsa.

Saura mako uku Allah ya ba ni ƙofar fita, na sa ƙafa na rufe ta. Uwar Sauro ta aike shi kemis sayen maganin tari, ya ga sikeli a bakin kanta ya hau. Ya dawo a guje fuskarsa ba jini.

"Baba, sittin da biyu da rabi!"

Yaya ya ajiye abin walda, ya kamo hannunsa, suka zagayo rumfata. Aka rataya shi. Hamsin da tara da rabi.

"To, Auta, kai ne masanin awo. Wanne za mu bi?"

Mako uku ya isa a sauke kilo uku in an bi a hankali. Na san haka, Koci ya sha faɗa. Kalma huɗu kawai ake nema a bakina: na kemis ne daidai. Na dubi Yaya, da jajayen idanunsa da tabon wuta a hannuwansa, mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana tura min guntayensa bai taɓa leƙa allura ba. Sai na ji bakina yana cewa, "Haba Yaya, sikelin kemis? Wanda masu ciki da 'yan makaranta ke yi wa sukuwa tun safe? Ai tuni ya saki."

Yaya ya ƙyalƙyale da dariya har da dukan cinya. Sauro ma ya yi murmushi, ya sauke ajiyar zuciya, ya ce, "Wallahi Baffa har na tsorata." Na tsani kaina a ranar, kuma tsanar ba ta sa na bi su na gyara ba.

Ranar awo muka tafi mu uku da sassafe. Babban zaure ne mai sanyin siminti, samari sun yi layi daga su sai gajeren wando, kowa leɓensa a bushe. Sikelin na lantarki ne, shimfiɗe a ƙasa, wani jami'i mai tabarau na zaune gefensa da takarda. Duk layin ba mai ƙirar Sauro. Yaya na tsaye yana kallon siraran yaran nan cike da tausayi.

Sauro ya hau. Jami'in ya leƙa, ya gyara tabarau.

"Sittin da uku da ɗigo biyu."

"A sake," in ji Yaya.

Aka sake, lambar ba ta motsa ba. Jami'in ya ce akwai awa biyu kafin a rufe, in zai iya saukewa ya dawo.

Koci na wurin da nasa yaran. Na zaci zai ce ai na faɗa, amma ko kallon Yaya bai yi ba. Ya aika aka sayo manyan ledoji, ya huda su ya zura wa Sauro, ya ɗora masa riguna biyu, ya fitar da shi rana ya miƙa masa igiya. Yaro ya yi tsalle, ya yi gudu, ya tofar da yawu har ya ƙare. Gumi na zuba ta ƙafar wando. Yaya na binsa gefe da gefe da tawul a hannu, bai san abin da zai yi da shi ba. Sau biyu Sauro na durƙushewa, sau biyu yana tashi.

Bayan awa ɗaya da rabi aka koma. Sittin da biyu daidai.

Koci ya sa yatsu biyu ya nemi abin tsunkula a cikin Sauro, bai samu ba. Sannan ya dubi Yaya, a hankali ya ce, "Da kitse ne da mun roƙe shi. Wannan nama ne, Malam. Ka gina shi da kyau, ba inda za shi yau. In muka ƙara matsa yaron nan, asibiti za mu kwana."

Yaya ya ce to a mayar da shi aji na gaba. Jami'in ya ce tun wata guda aka rufe sunaye, kowane aji ya cika, ba a canji ranar awo.

A nan Yaya ya birkice. Ya daki teburin jami'in har biro ya faɗi. Ya ce sikelinsu na cuta ne, an shirya ne don a cire ɗansa a sa ɗan wani. Kowa a zauren ya juyo. Sai ya waiwayo ya damƙo wuyan hannuna ya jawo ni gaba.

"Ga ƙanena nan! Awo ne sana'arsa, shekara goma sha ɗaya. Jiya da yamma ya auna yaron nan, sittin cif. Auta, gaya musu!"

Sauro na zaune a ƙasa cikin leda, ya jingina da bango, ya ɗago yana kallona. Har lokacin yarda ce a idonsa. Jami'in ya cire tabarau yana jira.

Na ce, "Nasu ne daidai, Yaya."

"Me ka ce?"

"Nawa yana ci. Kilo ɗaya a kowane ashirin. Tun ranar da na saye shi."

Bai saki hannuna nan da nan ba. Na ga yana lissafi, ba na kuɗi ba, na Asabar ɗin nan da aka yi ta rataya yaro, da ranar kemis, da dariyar da na ba shi.

"Ka sani, ranar da na tambaye ka?"

"Na sani."

"Har ni kake auna wa da shi?"

"Har kai, Yaya."

Na so ya mare ni, da na samu sauƙi. Sai kawai ya buɗe yatsunsa ya sake ni. Ya sunkuya ya ɗauko biron da ya faɗi, ya ajiye wa jami'in a gabansa, ya ce, "Ranka ya daɗe, na yi muku ƙazafi a gaban jama'a. Ku yafe ni." Ya juya ga Koci, Koci ya dafa kafaɗarsa. Sannan ya durƙusa gaban ɗansa ya shiga yage masa ledar nan da hannu, yana goge masa jiki da tawul kamar jariri. Sauro na kuka ba hawaye, don ba sauran ruwa a jikinsa. Ni ba wanda ya ce min in tafi, ba wanda ya ce in biyo su.

Yau shekara biyu ke nan. Har gobe ba wanda ya san ko naman nan da ya ci wa Sauro wasa ko da ya kayar da shi, tunda ko safar hannu bai sa ba. Koci na cewa da ya sha wuya a zagaye na uku. Mai shayi na cewa da naushi ɗaya ya isa. Sauro kansa ba ya shiga gardamar. Ya koma wurin Koci na 'yan watanni, aka sa shi ajin manya da dogaye masu dogon hannu, ya ga ba riba, ya bari. Yanzu lodi yake yi a wani sito, ana yabon kafaɗunsa. Yana gaishe ni in mun haɗu, Baffa ina wuni, ya wuce.

Na sayi sikelin gaskiya a makon. Ba wanda ya ce min sannu, ban kuma cancanta ba.

Yaya bai kore ni daga rumfar ba, bai kai ƙarata wurin dangi ba, ko matarsa daga bakin Sauro ta ji. In mutane suka tambaye shi abin da ya faru, cewa yake yi shi ya cika wa yaro ƙarfe da abinci, laifinsa ne. Wannan ya fi min zagi ciwo. Kullum da safe ina gaishe shi, yana amsawa cikakkiya, har ya tambayi iyali. Amma tun daga ranar bai sake yi min tambayar da sai ya yarda da amsata ba. Jiya wayarsa ta mutu, yana son sanin ko azahar ta yi. Ina zaune taku uku daga inda yake, agogo ɗaure a hannuna. Ya ajiye aikinsa, ya tsallaka titi, ya je ya leƙa na bangon shagon mai aski.